Jaririn da Aka Hana Kuka

Tun da na dawo daga Faransa ban huta ba. Mai zuwa barka da sauka, mai zuwa karɓar tsaraba, mai zuwa ganin ko na yi fari, kowace da tambaya ɗaya: Hajiya, yaya ƙasar take? Na ba da labarin nan a tsakar gida, na ba da shi a gidan biki, har a layin ganin likita an tare ni. Kowace kuma in ta ɗauka sai ta ƙara masa gishiri, don jiya na ji wai ana cewa an kulle ni a Paris saboda na zagi ɗan sanda. Ban zagi kowa ba, ko da yake na ga waɗanda suka cancanta. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma a bar ni in ji da ciwon gwiwata.

Abin da ya kai ni kun san shi. Autata Hadiza tana aure a Lyon, mijinta Sani yana aiki a wata masana'antar sinadarai a Saint-Fons, can gefen garin, ga ta da cikin fari. Da a nan ne, da tuni ta dawo ɗakina ta haihu a gabana. To likitansu ya ce ba ta hawa jirgi, takardunta ma ba su ba ta dama ba. Na ce in ita ba ta zo ba ni zan je, don jikana ba zai shigo duniya kamar ɗan tsuntuwa ba, babu wanka, babu kunu, babu wanda zai yi masa guɗa ranar suna.

Daga Damagaram zuwa Yamai ba sai na gaya muku ba. Taya ta fashe mana kafin Dogon Dutsi, muka zauna gindin wata bishiya marar inuwa, wata mata ta jingina da kafaɗata ta yi barcinta har da minshari. Wannan duk na gida ne, na saba. A ofishin biza ne raina ya fara ɓaci. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane Faransanci a lakwal, makarantar boko, har muryata ta dushe, wani wanda bai kai ɗalibaina na farko shekaru ba ya dube ni ta bayan gilashi, ya ce wace shaida gare ni cewa zan dawo. Na ce masa awakina da kabarin mijina. Bai yi dariya ba, bai kuma rubuta ba. Ina can ina jiran fasfo, Sani ya yi waya ya ce Hadiza ta sauka lafiya, namiji, ranar Alhamis.

A filin jirgin Paris 'yan duwan, masu binciken kaya, suka buɗe akwatina kamar masu neman gawa. Kilishin da na sa aka yi mini musamman suka ɗauke, man shanu suka ɗauke. Da ɗayansu ya kwance ƙullin daddawa sai ya ja da baya yana tari, ya ce in ɗaure abina in tafi da shi. Kanwa ce ta kusa ja mini. Suka juya ta, suka shinshina, suka kira wani, shi ma ya kira kare. Na ce musu kunun mai jego ake damawa da ita. Da na ga ba su gane ba sai na ɓantara na lasa a gabansu, na miƙa wa babban nasu ya ɗanɗana. Ya ƙi, amma dai sun bar mini kanwata.

Na so in wuce Lyon a ranar, sai aka ce ma'aikatan jirgin ƙasa suna yajin aiki. Haka na kwana wajen Alhaji Mamman, ɗan baffana, wanda ke aiko da turare da kayan gyaran mota gida. Ku da kuke cewa Alhaji Mamman yana zaune a gidan sarauta, to ku ji. Ɗaki ɗaya ne can ƙololuwar wani tsohon bene, ƙarƙashin rufi, babu asansar, na'urar nan mai hawa da mutum sama, na hau ina hutawa ina tsine wa wanda ya gina. Rufin a karkace yake, da na ɗago daga sujada sai da na ƙume kaina. Bayi kuwa ba a ɗakin yake ba, yana waje a kan matakala, wani ɗan akurki da duk mutanen hawan suke tarayya a kansa. Bangon kuma kamar kwali, in na kusa ya yi tari sai ka ce sannu. Na ɗauki waya in gaya wa Hadiza na iso, ban gama sallama ba Alhaji ya taɓa ni.

"A hankali, Hajiya, maƙwabta."

Ranar na fara jin wannan magana, ban kuma daina jin ta ba har na baro ƙasar. Maƙwabtan nan da ake tsoro, na gaishe da uku a kan matakala, babu wanda ya amsa. Ɗaya ma ta ƙanƙame jakarta.

Da safe, bayan na yi kokawa da wani burodi mai tauri da cuku mai warin tsohon takalmi, muka kama hanyar tasha a ƙasa. Muka wuce ta gaban wata makarantar firamare, ni kuwa ba na wuce makaranta ban duba ba. A jikin bangon akwai wani baƙin allo na dutse da rubutu. Na tsaya na karanta. Yana cewa ne a lokacin babban yaƙin duniya an kwashe yara daga makarantar an kai su inda aka hallaka su, don kawai an haife su Yahudawa, kuma da hannun gwamnatin Faransa ta lokacin. A littafin tarihin da na koyar, zancen nan bai wuce layi biyu ba. A ƙasan allon na ga an jera wasu 'yan tsakuwa. Na ce wa Alhaji mutanen nan ko shara ba su iya ba, har na kai hannu zan kaɗe su, ya janye ni ya ce jirgi ba ya jiran kowa.

Jirgin ƙasan dai ban da abin cewa, gudu ne kamar an koro shi. Sani ya tarye ni a tasha, ya durƙusa har ƙasa a gaban Turawa, abin da ya sa na yafe masa rabin laifinsa tun ban san mene ne laifin ba. Muka hau taram, ɗan jirgin cikin gari, zuwa unguwarsu Villeurbanne. Gidan ɗaki biyu ne da 'yar madafa. Ku dubi wannan abin kunya, ni da surukina bayi ɗaya, in ya fito in sunkuyar da kai, in na fito ya juya yana kallon firij. In yana da magana da ni sai ya faɗa wa Hadiza ina zaune, ita kuma ta maimaita mini abin da kunnena ya riga ya ji.

Yaron dai tubarkalla, ga gashi ga murya. Amma duk abin da na zo yi sai na tarar da doka a gabansa. Ruwan wanka, Hadiza ta ce ungozomarsu ta hana mai zafi sosai. Na kunna turaren wuta, wani abu a jikin silin ya kama ihu kamar an yanka akuya, Sani ya hau kujera yana yi masa fifita da tawul. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da aka ce wai an riga an rubuta sunan yaro a ofishin magajin gari, don dokar ƙasar ba ta jiran kwana bakwai. Wato wani baƙo mai biro ya san sunan jikana tun ba a yanka rago ba. Hadiza ta buɗe baki za ta faɗa mini, na toshe kunnuwana na ce ba na ji sai ranar da malam ya faɗa a gaban jama'a. Kafin nan ni Ɗanlami na sani, tunda ranar Alhamis ya zo. Haka na dinga kiransa ina yi masa rawa a kafaɗa.

Sai kuma bugun bango. Da yaro ya tsala kuka, sai mu ji ƙwan, ƙwan, ƙwan daga ɗakin da ke manne da namu. Da rana tsaka fa, ba wai an hana wani barci ba. Hadiza sai ta zabura ta cusa masa nono ko ba ya so. Na ce wace ce wannan? Ta rage murya ta ce wata tsohuwa ce, Madam Sara, Bayahudiya, ita kaɗai take zaune, ta haura tamanin da nisa. Da can sukan gaisa a asansar, amma tun da cikin Hadiza ya fito ta daina kallonta.

Nan Sani ya juya ga firij ya faɗi abin da ke ransa. Mai gidan ya taɓa yi musu kashedi a kan hayaniya da ƙamshin girki, ga yarjejeniyar hayarsu ta kusa ƙarewa, kuma shi ya san wuyar da ya sha kafin wani ya yarda ya ba baƙar fata ɗaki. In tsohuwar nan ta kai ƙara, da jariri a hannu za su koma titi. Saboda haka suna zai zama shi da malam da mutum biyu, a yi addu'a ƙasa-ƙasa a watse. Rago baban Sani zai yanka a Damagaram a nuna mana ta waya. Babu taron mata, babu guɗa.

Wallahi sai da na ji kaina ya sara. Na bar awakina, na jure wulaƙancin biza, na lashi kanwa a gaban kare, don a raɗa wa jikana suna a ɓoye kamar kayan sata? Ban ce wa Sani komai ba, suruki ne. Hadiza na gaya wa, yadda zai ji, cewa ni ban taɓa ganin tsohuwar da kukan jariri yake ɓata wa rai ba sai a ƙasar nan, kuma ko Bayahudiya ce ko Bamagujiya, maƙwabciya ce, za a kai mata goron suna kamar kowa.

Ana jibi suna na sa Hadiza ta kwatanta mini hanya na tafi Guillotière, unguwar da mutanenmu ke da shaguna. Can ne kaɗai na shaƙi iska a garin. Na ji Hausa a bakin titi, wata 'yar Chadi mai shago ta riƙe hannuna muka gaisa gaisuwar mutane, har da tambayar gajiya da mutanen gida. Na sayo goro da dabino. Da na dawo, bayan la'asar, na zuba a faranti na rufe da kyalle, na fita ba tare da na yi shawara da kowa ba.

Na danna ƙararrawa, shiru. Na yi sallama, shiru, alhali ina jin motsi a ciki. Kun san ni. Na buɗe tafin hannuna na buga ƙofar nan yadda nake buga ƙofar aji in yara sun kulle kansu suna wasa. Na buga, na ƙara. Sai na ji wata 'yar siririyar murya daga ciki, da Faransanci, tana cewa babu kowa a nan. Da farko dariya ta kusa kama ni. Na ce mata ni ce kakar jaririn da ke kusa, goro na kawo. Aka daɗe, sannan ƙofar ta buɗe.

'Yar tsohuwa ce ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba. Ta sa rigar sanyi ta ɓalla maɓallan a karkace, ta rungume wata 'yar jaka a ƙirji, kamar wadda aka ce ta fito a tafi. Ba ni take kallo ba, bayana take leƙawa.

"Ki gaya musu bai yi kuka ba," ta ce. "Na yi ƙoƙari. Sukarin ne ya ƙare."

Duk masifar da na ƙunso sai ta zube. Na ajiye faranti a ƙasa, na kama ta, na kai ta kujera. Na shiga madafarta ba da izini ba na ɗebo ruwa. Can ta dawo hayyacinta, ta dube ni da kyau, ta ji kunya, ta ce in yi haƙuri, tsufa ne, wani lokaci yana mayar da ita wani wuri. Na ce Iya, ni ce da neman gafara, amma ki gaya mini me jikana ya yi miki.

Abin da ta gaya mini ban iya kawo shi duka ba. A Paris aka haife ta, babanta tela ne. Tana 'yar shekara shida ko bakwai Jamusawa suka ci ƙasar, gwamnatin da aka kafa ta bi bayansu. Aka ƙwace shagon babanta. Aka tilasta musu ɗinka wani tauraro ruwan ɗorawa a ƙirjin riga don kowa ya gane su a hanya, aka hana su wuraren da kowa ke shiga. Daga nan aka fara bi gida gida ana kwasar su. Ta ce in lura, waɗanda suka yi ta buga ƙofofin nan 'yan sandan ƙasar ne, da yarensu da hularsu, ba baƙi ba. Wata mata mai wanki ta ba su makullin wani ɗaki a ƙarƙashin rufi, suka ɓoye, ba a tafiya da takalmi, ba a magana sai raɗa. Da ta kwatanta ɗakin, rufi a karkace, bayi a kan matakala, sai na ga ɗakin Alhaji Mamman tsaf a idona.

A ɗakin uwarta ta haihu, babu ungozoma, ta cusa tawul a baki don kada ta yi ƙara. Namiji. Su ma ashe ba sa faɗin sunan ɗa namiji sai ranar ta zagayo, ranar da ake yi masa kaciya, kuma uban ne ya riƙe sunan a cikinsa. Uwar ba ta da ruwan nono don yunwa. Aka ba Sara aiki ɗaya, in yaron ya motsa ta tsoma tsumma a ruwan sukari ta sa masa a baki. Sukari ya ƙare, yaro ya yi kuka. A ƙasansu akwai wani mutum da babanta ya sha ɗinke wa wando kyauta, shi ya taka ya je ya faɗa.

Da suka zo tana cikin bayin kan matakala. Ta ji takalma, ta ji an buga ƙofa da tafin hannu. Da ta faɗi haka sai na ɓoye hannuna cikin mayafi. Ta tsagar ƙofar bayin ta ga an sauko da su, babanta a gaba, uwarta da jariri yana ta tsala kuka. Uwar ta san tana ciki, ta wuce ta gaban ƙofar ko waiwaye ba ta yi ba, don kada su lura. Ganinta da su ke nan. Mai wankin ce ta fitar da ita, aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu har wata gona a wajen Lyon.

Ta ce a Paris akwai bangon da aka sassaƙa sunayen waɗanda aka kwashe. Ta je ta ga na babanta, ta ga na uwarta. Ƙanenta babu shi, don ba a rubuta haihuwarsa a ko'ina ba, ranar sunan kuma ba ta zo ba. In ana ambaton matattu, ita ba ta da abin da za ta kira. Ta yi aure, mijin ya rasu, ba ta taɓa yarda ta haihu ba.

Ni kam haushi ne ya turnuƙe ni, irin wanda ban taɓa ji ba, ga shi babu wanda zan sauke wa. Na ce mata, "Iya, na haifa, na goya, na yi renon na wasu. Babu mahalukin da ya isa ya hana jariri kuka, balle 'yar shekara shida da tsumma. Laifin yana kan mai ƙafafun da ya je ya faɗa." Sai ta saki jakar. Na gaya mata tsoron da Sani yake yi na ƙara wajen mai gida. Nan ta miƙe zaune, ranta ya ɓaci sosai, ta ce ita ta kai ƙarar maƙwabci? Ko gidan za su rushe a kanta ba za ta yi ba. Bangon ma ba ta san tana bugawa ba sai hannunta ya yi zafi.

Na koma na zayyana wa Hadiza komai, Sani yana tsaye yana kallon firij. Hadiza ta yi kuka. Shi kuwa ya ce to ai akwai sauran maƙwabta. Na ce wa Hadiza ta gaya wa mijinta in sun tashi korar su, su haɗa da ni.

Ranar Alhamis da safe na je da kaina na ɗauko Iya Sara, wannan karon da ɗan yatsa na ƙwanƙwasa. Ta sha ado, har da ɗan kunne. Ta ce a ajiye mata kujera a bakin ƙofa, duk wanda ya zo ƙorafi da ita zai yi magana, ta riga kowa zama a benen. Malam ya zo, wani ɗan Kamaru mai sanyin murya, abokan aikin Sani suka zo, 'yar Chadin nan ta zo da mata uku da tukunyar shinkafa. Ɗaki ya cika har madafa. Aka nuna mana rago ta waya, rabinsa ma babban yatsan mai ɗaukar hoton muka gani. Malam ya yi addu'a ya ce sunan yaro Mahamadu Bashir.

Na kama hancina na rangaɗa guɗa, irin wadda ake ji daga wata unguwa. Yaro ya firgita ya callara kuka. Hadiza ta zabura za ta toshe masa baki da nono, kowa ya juya yana kallon tsohuwa. Na ga hannunta ya tashi yana neman bango, ta kama shi da ɗayan ta mayar kan cinya.

"A bar shi," ta ce. "A bar shi ya yi."

Aka bar shi ya yi har ya gaji. Babu maƙwabcin da ya zo, sai wani ɗalibi daga sama da ƙamshin shinkafa ya sauko da shi, aka zuba masa.

Da mutane suka ragu na kai mata Bashir ta riƙe. Ta karɓe shi a ɗarare, kamar mai riƙon ƙwai. Can ta ce akwai abin da bai gane mata ba. An ce sai yau ake faɗin suna, amma ita duk kwanakin nan tana ji ta bango ina kiransa da wani abu, Danlami ko me. Na ce wannan ai na rana ne. A wurinmu yaro ba ya zama babu abin kira, ranar da ya faɗo ita ke ba shi suna tun kafin malam ya zo, kuma wani har ya tsufa da shi za a san shi. Ina faɗa sai wani tunani ya zo mini. Na ce Iya, ƙanenki wace rana aka haife shi?

Ba ta yi wani tunani ba. Ta ce Asabar, ranar hutunsu, don ta tuna babanta ya ce yaron ya zo a ranar da babu mai aiki sai uwarsa.

"To ai yana da suna," na ce mata. "Ɗan'asabe ne. Tun ranar da ya faɗo yake da shi, babu dai wanda ya gaya miki."

Ta sa na maimaita. Ta gwada, harshenta ya ƙi, ta sake gwadawa har ya zauna. Ta yi ta faɗinsa a hankali tana kallon fuskar Bashir, hawaye yana bin kumatunta yana ɗiga kan zanen goyo. Sani da ke tsaye ya shige bayi ya daɗe bai fito ba.

Na yi arba'in ɗina, na dama kunun kanwa, Iya Sara ma ta sha ta ce yana da ɗanɗanon sabulu. Bango bai daina bugawa gaba ɗaya ba, amma in ya buga sai Hadiza ta ɗauki yaro ta kai mata. Mai gida ya sabunta musu haya. Ranar da zan taho, Iya Sara ta ciro wata 'yar tsakuwa daga tukunyar furenta ta danƙa mini, ta gaya mini titi da lambar gidan a Paris, ta ce ƙafarta ba za ta ƙara kai ta can ba. Ta ce su tsakuwa suke ajiye wa mamaci, alamar wani ya zo ya tuna. Na tuna hannun da na kai zan yi shara a bangon makaranta, na gode wa Allah da gaggawar Alhaji Mamman.

Da na isa Paris, shi Alhajin ne ya raka ni, yana ta mitar za mu makara jirgi. Muka ɓata a metoro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka fito ta ramin da ba shi ba, gwiwata kamar ta cire. Da muka sami gidan, ƙasansa shagon takalma ne masu tsada, ƙofar shiga kuma a kulle da lambobi. Na ajiye tsakuwar a gefen dokin ƙofa. Na kira Hadiza na ce ta kai wa Iya waya ta kara mata a kunne. Sannan na ja baya, na ɗaga kai ina kallon 'yar tagar da ke ƙarƙashin rufi, na ƙwala kira yadda ake kiran yaro ya shigo gida in magariba ta yi.

"Ɗan'asabe!"

Alhaji ya kama mayafina. "A hankali, Hajiya, maƙwabta."

Na ce masa maƙwabtan nake so su ji, na ƙara ɗaga murya. Tagogi suka fara buɗewa. Wani ya ɗora yatsa a leɓe, na kalle shi na sake kira.

To ga ɗan sandan da kuke ta zance. Wani matashi ne, yana wucewa ya tsaya, da ladabinsa, ya ce Madam, yaro ne ya ɓace miki? Na ce e. Ya zaro ɗan littafinsa da biro ya ce shekarunsa nawa. Na ce bai cika kwana bakwai ba. Ya zaro ido ya ce tun yaushe. Na ce tun lokacin yaƙi, daga kan matakalar gidan nan aka sauko da shi, kuma masu irin rigarka ne suka zo. Alhaji ya fara salati ƙasa-ƙasa. Yaron nan ya dubi tsakuwar, ya dubi wayar da ke hannuna, fuskarsa ta yi ja, ya fara rufe littafin.

Na ce a'a, buɗe, ai ba ka tambaye ni sunansa ba. Ya buɗe. Na faɗa masa da ƙarfi yadda Iya za ta ji ta waya, na tsaya a kansa kamar ɗan aji har sai da ya rubuta shi daidai.